Ƙudan Zuma Ba Ya Shaidar Abin Da Bai Gani Ba

Godiya ta tabbata ga Allah Mahaliccin manya da ƙanana. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a cikin Alƙur'ani mai girma akwai surori biyu masu ɗauke da sunan ƙwarin da ke zaman jama'a, watau Suratun Nahli, ta ƙudan zuma, da Suratun Namli, ta tururuwa. A aya ta 38 ta Suratul An'ami kuma Allah Ya bayyana cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamar 'yan Adam. Abu Dawuda ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa an hana kashe tururuwa da ƙudan zuma. Malaman farko ba su raina wannan fage ba. Al-Jahiz na Basra, wanda ya rasu a shekara ta 255 bayan Hijira, ya bayyana a Kitabul Hayawan yadda tururuwa ke fasa ƙwayar hatsin da ta adana don kada ta tsiro.

Duk manomin da ya taɓa rataya amya a kan ɗorawa ko tsamiya a ƙasar Bungudu ko Tsafe ya san wani abu. Idan gida ya cika, sai wani sashe na zuma ya tashi da sarauniya, su dunƙule a reshen itace yini ɗaya ko 'yan kwanaki, sa'an nan su ɗunguma gaba ɗaya zuwa sabon mazauni. To, wa ya zaɓa musu wurin?

Masana sun daɗe suna bin sawun wannan tambaya. Karl von Frisch, mutumin Ostiriya, ya gano cewa ƙudan da ya samo furanni yakan komo gida ya yi wata irin rawa a kan saƙa. Inda ya fuskanta a rawar shi ke nuna shiyyar da abincin yake idan an auna da rana, daɗewar girgizarsa kuma ita ke nuna nisa. An ba shi lambar Nobel a 1973. Almajirinsa Martin Lindauer ya lura, a birnin Munik na Jamus, cewa da irin wannan rawa ake shawarar sabon gida. Daga baya Thomas Seeley na Jami'ar Cornell a Amurka ya zurfafa binciken, ya fitar da littafi a kansa a 2010.

Ga abin da suka tarar. A cikin taron da ya kai kimanin ƙuda 10,000, 'yan ɗaruruwa ne kaɗai ke fita neman wuri. Wanda ya samu kogo yakan shiga ya zagaya shi ciki da waje, ya komo ya yi rawa gwargwadon kyawun wurin. Wanda ya kalli rawar ba ya kama yin ta don kawai ya ga ɗan'uwansa na yi. Sai ya tashi ya je ya duba da kansa, in ya gamsu sa'an nan ya goyi baya. Kowanne kuma yakan rage rawarsa a hankali har ya bari, ba ya kafewa a kan ra'ayinsa. Sarauniya kuwa ba ta da ta cewa. Da haka taron yakan dace da wuri mafi kyau a mafi yawan lokuta.

Akwai kuma kishiyar wannan. Tururuwa tana bin ƙamshin da 'yar'uwarta ta bari a hanya, kuma akwai hikima a ciki, domin ta haka suke gano hanya mafi kusa. A 1992 Marco Dorigo na Italiya ya kwaikwayi wannan dabara ya tsara wa kwamfuta hanyar lissafi, wadda aka yi amfani da ita wajen shirya hanyoyin motocin kaya da na sadarwa. Amma a 1921 William Beebe ya ba da labarin wasu ƙwari dangin ƙwarƙwasa a Giyana, Kudancin Amurka, da hanya ta ɓace musu. Kowace ta bi ta gabanta, suka yi da'ira mai faɗin gaske, suna ta zagaye har da yawansu suka mutu. Ƙarshen bi ba tare da dubawa ba ke nan.

Mai karatu ya auna wannan da halin da ake ciki a Jihar Zamfara, inda rashin tsaro ya sa zukata suka zama a ɗar-ɗar. Labari yakan taso a tashar mota a Gusau, kafin a yi sallar azahar ya isa Tsafe da Kwatarkwashi ta wayar hannu: an ga wasu a gefen dutse, wane ɗan leƙen asirin ɓarayi ne, kada a bi hanya kaza. Wani labarin gaskiya ne, kuma isar da shi ceton rai ne, kamar yadda tururuwar zamanin Annabi Sulaimanu, Alaihis Salam, ta gargaɗi jama'arta a kan rundunar da ta gani tafe. Wani kuwa ƙanzon kurege ne, amma yakan watsa kasuwa, ya hana manomi zuwa gona, ko ya sa a auka wa baƙon da bai ji ba bai gani ba. Jinin da aka zubar a kan zato kuwa ba ya komawa jiki.

Shari'a ta riga ta yanke hukunci. Aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta umurci muminai su binciki labarin da fasiƙi ya kawo, don kada su cuci wasu cikin jahilci su wayi gari suna nadama. A cikin Suratun Namli, da alhudahuda ya kawo labarin Saba'u, Annabi Sulaimanu bai gaskata shi nan take ba, sai da ya jarraba shi da wasiƙa. Muslim kuma ya ruwaito hadisin da ke nuna cewa faɗar duk abin da mutum ya ji ta isa ta sanya shi cikin maƙaryata.

Saboda haka, wanda labari ya iso masa ya tambayi mai kawo shi: da idonka ka gani, ko ji ka yi? In gargaɗin haɗari ne, ya yi taka-tsantsan, ya kai shi ga mai unguwa, ko hakimi, ko jami'an tsaro, kada ya ƙara masa gishiri. In zargi ne a kan wani mutum, ya kame bakinsa da hannunsa har hujja ta tsaya. In kuwa ya gane ya yi kuskure, ya janye a gaban waɗanda ya gaya wa, domin komawa ga gaskiya ba abin kunya ba ne.

Ƙudan zuma ilhama kawai aka yi masa, ba a ɗora masa hisabi ba. Ɗan Adam kuwa an ba shi hankali da Littafi, kuma za a tambaye shi a kan jinsa da ganinsa da zuciyarsa. Allah Ya tsare harsunan bayinSa, Ya zaunar da Zamfara da ƙasa baki ɗaya lafiya. Amin.