Fihirisar da Ba a Sabunta Ba

Mutum zai rubuta kalma ɗaya a akwatin bincike na shafin intanet mai ɗauke da dubban fayiloli, kafin ya ɗauke yatsa amsa ta fito. Sai ya zaci kwamfuta ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya ta karance cikin ƙiftawar ido. Alhali ko ɗaya ba ta buɗe ba.

An gama karatun tun kafin mai tambaya ya iso. Akwai manhajar da ke bin fayilolin, sau da yawa cikin dare, tana tsinka kowace jimla kalma-kalma. Kowace kalma a ware mata layi, a rubuta lambobin fayilolin da ta fito a ciki, har da gurbin da ta zauna. Wannan ita ce fihirisa. Irin wannan fihirisar Lucene take ginawa, manhajar da Doug Cutting ya rubuta a 1999, wadda aka gina Solr da Elasticsearch a kanta. Almajiran ilimi ma sun san irinta a Mu'ujamul Mufahras na Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi, inda aka jera kalmomin Alƙur'ani, kowace da surori da ayoyin da ta zo.

Sai dai Alƙur'ani ba ya canzawa, fayil kuwa yana canzawa. Mai shi zai gyara kuskure yau, ya goge sakin layi, ya ƙara sabo, amma fihirisa ba ta da labari sai manhajar ta sake zagayowa. Kafin nan, duk wanda ya tambaya za a kai shi ga kalmar da aka riga aka goge, sabuwar kuma a ce masa babu. Ba ƙarya fihirisar take yi ba, abin da manhajar ta gani a zuwanta na ƙarshe take faɗa.

Ashe da irin wannan tsari Allah ya halicci zuciya. Da an ambaci sunan wani, nan take ta miƙo kalma: mai amana, marowaci, maƙaryaci. Saurin nan ni'ima ce, ba domin shi ba da kullum sai mutum ya sake koyon wanda zai ba bashi. Amma yaushe rabon zuciyar da ta sake duba mai sunan?

Yaro ya yi ɗauke-ɗauke yana ɗan shekara 15. Ya tuba, ya koyi sana'a, ya shekara 20 ba a ji kansa da kowa ba. Ranar da ya je neman aure aka shiga unguwa bincike, sai dattijo ya girgiza kai ya ce, "Wane? Ai hannunsa ba ya zama." Shi ma dattijon bai yi ƙarya ba. Tsohon karatu ya karanto, kuma da shi aka hana mutum mata.

Masu kula da shafuka sukan tsayar wa manhajar lokacin sake bi, wasu kullum, wasu duk mako. Kai ma mai karatu, kafin ka ba da shaida a kan wani, je ka sake ganinsa tukuna.