Sadaka Muke Ba Makaho, Wa Yake Gaishe Shi?

Da wuya a sami Bahaushen da bai taɓa jefa wa makaho sadaka a ƙoƙo ba. Amma a tambaye shi ko ya taɓa aika wa makaho gaisuwar sallah irin wadda yake aika wa abokinsa ko surukinsa, nan za a ji ya yi shiru. Mai ba da sadaka lada yake nema, ba ruwansa da sunan mai karɓa, ba ya kuma jiran komai sai addu'a. Gaisuwa kuwa sai an amsa ta, kyauta ma Hausawa sun ce yaba ta tukwici. Wato wanda ka gaisar, ka riga ka yarda cewa yana da abin da zai mayar maka.

Wannan ne ya sa nake ganin ɗan katin barka da sallah da ake yi wa makaho da hannu ya fi ƙarfin a kira shi wasan yara. Kayan haɗinsa duk muna da su a nan Rimin Gado: takarda mai kauri, gam, zare, ƙwayar dawa da ɓawon kara, wanda yaranmu suke ƙera mota da shi. A liƙa su yadda yatsa zai bi ya gane siffa, a ƙasa kuma a huda gaisuwar da rubutun makafi. Louis Braille, mutumin Faransa da ya makance yana yaro, shi ya tsara rubutun, ya buga shi a 1829. Ɗigo shida ne kacal ake jujjuya su su ba da alamomi 63. Da tsinke ake hudawa ta bayan takarda, daga dama zuwa hagu kamar mai rubuta ajami, sannan a juya a shafa daga hagu.

Amfanin wannan wahala shi ne sirri. Wasiƙar da sai wani ya karanta maka, rabinta tasa ce. Shi zai zaɓi muryar da zai karanta da ita, ya ga dama ya tsallake layi, gobe kuma a ji zancen a majalisa. Hotunan barka da sallah da muke tura wa juna a WhatsApp ma haka suke, ido suke nema.

Wani zai ce ai yawancin makafinmu na karkara ba su je Tudun Maliki a Kano ba, balle Gindiri inda aka buɗe makarantar makafi tun 1953, saboda haka ba su iya wannan rubutu ba, kuma zumunta a ƙafa take. Gaskiya ne, kuma wanda bai iya ba, zuwa gidansa a zauna a yi hira ya fi masa kati goma. Akwai ma wani haɗarin. Mai ido yakan yi katin ne don idonsa, ya cika shi da launi da ƙyalƙyali, ya zana jinjirin wata ga mutumin da bai taɓa ganin wata ba, sannan ya nuna wa jama'a don a yaba masa. Irin wannan sadaka ce ta sake riga.

Ma'aunin da nake ba ɗalibaina guda ɗaya ne: in sun gama, su rufe ido su shafa. In yatsa bai gane komai ba, a sake. Kafin nan kuma su je su tambayi mai katin abin da yake so, don mu marubuta ya kamata mu fi kowa sanin cewa makaho yana da abin faɗa. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, ga shi har yau ana nazarin Imfiraji a jami'o'inmu. In wanda za a aika wa ya iya rubutun, a haɗa masa da farar takarda mai kauri a cikin ambulan, ta amsa. Yaron da ya aika kuma sai ya zauna ya koyi ɗigon nan shida, in ba haka ba shi ne zai nemi mai karanta masa.