Ma'aikacin Gammo, Sa Sunanka a Kan Guminka

Sannunku da aiki, mutanen Gammo. Sannu tela, sannu kafinta, sannu mai walda da ke tsugune gaban ƙarfe tun hantsi har ido ya yi ja. Sannu manomin rani mai kwana a bakin ruwa saboda tumatir da albasa. Sannu uwargida da ke cikin gida da allura da zare, tana fitar da hular da wani zai karya ranar Juma'a a birnin Kano bai san hannun da ya yi ta ba. Da ku nake yau, ku da 'yan'uwanku na Garo da Kabo da Getso da Gwarzo. Aikinku ya daɗe da iya tafiya, sunanku ne har yanzu ake bari a gida.

Ciwon nan ya girme mu. Shekaru aru-aru majeman ƙasar Kano da Sakkwato suna jeme fatar jan akuya, fatake su ɗora wa raƙuma su keta Sahara da ita. In ta isa Turai sai a kira ta fatar Maroko, don ta can ta bi. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya shigo Kano a 1851, ya rubuta yadda tufafin da aka saƙa aka rina a nan suke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Kaya sun je, sunan masaƙi da na marini ya tsaya a bakin karofi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Amma kakanninmu suna da uzuri, domin in ayari ya ɓace wa ido ba su da hanyar bin sawunsa. Mu da ke yawo da waya a aljihu, wane uzuri ya rage mana?

Dubi abin da ke faruwa yanzu. Ka gama ƙofar ƙarfe mai kyau, ka ɗauki hoto ka ɗora a status ɗinka na WhatsApp don mutane su gani. Bayan awa 24 ya sauka daga wajenka, kai kuma ka manta. Ashe wani ya ajiye. Bayan wata biyu hoton nan yana kan shafin wani a Kaduna ko Abuja, da lambar wayarsa a ƙasa, ana ta yi masa sambarka. Wannan mai sauƙi ne. Mai muni shi ne wanda zai kwashe hotunan aikinka ya buɗe shafi da sunanka, ya karɓi kafin alƙalami a hannun bayin Allah, ya kashe waya. Kai ne za a zo nema.

Babu manomin da zai ɗora buhunan masararsa a motar Dawanau bai shafa musu shaida da tawada ba, don ya san buhu ɗari ne za su haɗu a motar, kuma duk kamarsu ɗaya. Hoton aikinka ma buhu ne, motar da zai hau kuwa ba ta da tashar sauka. Kafin ka tura shi, rubuta sunanka da lambarka a jikinsa, a tsakiya ba a gefe ba, don na gefe yankewa ake yi. WhatsApp ɗin da kansa yana da wurin yin rubutu a kan hoto. In ka fi so, rubuta a allo ko kwali ka jingina a jikin aikin, sannan ka ɗauka. A bidiyo kuma faɗi sunanka da garinku da bakinka. Mawaƙanmu da marubuta waƙoƙi sun daɗe da gane wannan, shi ya sa suke saka sunansu a cikin waƙar, duk inda ta je da shi za ta je.

Sunan kuwa ya zama ɗaya tak. Ban ga dalilin da zai sa magidanci mai sana'a ya zama ɗan gaye a TikTok, sarkin yaƙin wani ɗan siyasa a Facebook, a WhatsApp kuma hoton mota da sunan ɗansa ba. Mai neman ka ta ina zai kamo ka? Sunanka, sana'arka, garinka: Wane Mai Walda Gammo, Wance Mai Hula Gammo. Shi ne a kan allon shago, shi ne a kowane shafi, kuma ya yi daidai da sunan da mai saye zai gani in zai tura maka kuɗi, don hankalinsa ya kwanta. Kada ka ji kunyar sa Gammo. Masu walda a Kano ba su ƙirguwa, amma in aka haɗa da sunan garinku an ware ka daga taro. Ke ma Hajiya, ba sai an ga fuskarki ba. Sunan sana'a da kyan ɗinki sun wadatar.

Gindin duk wannan shi ne layin wayarka. Tun Disamban 2020, zamanin da Isa Ali Pantami yake ministan sadarwa, gwamnati ta ce a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, mai lamba 11 da hukumar NIMC ke bayarwa. A Afrilun 2022 aka fara toshe kiran layukan da ba a haɗa ba. Mutane sun sha layi a rana, sun yi ƙorafi, kuma suna da gaskiya. Amma ga ribar abin a wajen mai sana'a: layin da ke kan sunanka, in waya ta faɗi ko an sace, kana iya zuwa ka dawo da shi, shafukanka da abokan cinikinka su dawo tare da shi. Wanda ya gina kasuwarsa a kan layin da aka yi wa rajista da sunan yayansa, ko wanda ya saya a bakin tasha da rajistar wani, ranar da ya ɓata sai ya nemo mai sunan. Layin da aka daɗe ba a taɓa ba kuma, kamfani karɓewa yake yi ya sayar wa wani. Je ka gyara tun ba a kai ga haka ba.

Suna da lambar waya na talla ne, a baza su. NIN da lambar BVN ta banki da lambobi 6 ɗin nan da ake turowa ta saƙo kuwa sirri ne, ko wa ya kira, ko daga ina ya ce yake.

Sai bin sawu. Ware lokaci, ko da bayan sallar Juma'a ne sau ɗaya a wata. Rubuta sunan sana'arka a wurin bincike na Facebook da TikTok da Google, ka ga abin da zai fito. Ɗauki hoton aikin da ka fi alfahari da shi ka saka a Google Lens, zai nuna maka wasu wuraren da hoton ko mai kama da shi ya bayyana. Ba ya shiga cikin WhatsApp ɗin mutane, amma na fili yana kamo da yawa. In ka ga aikinka a shafin wani, fara da sallama, don da yawa burge su ya yi, ba sata suka nufa ba. Ce ya sa sunanka, ka ga ya zama ɗan tallanka kyauta. In ya ƙi, ko yana karɓar kuɗi da sunanka, kai ƙararsa ta wurin da manhajar ta tanada, ka kuma sanar da abokan cinikinka. Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris 2023 ta shafi hotuna, har ta tanadi hanyar neman a sauke abin da aka ɗora a intanet ba da izinin mai shi ba. Hujjarka ita ce hoton asali da ke wayarka da ranar da aka ɗauke shi, don haka kada ka goge.

Suna ɗaya yana da kaifi biyu. Wanda ya nemo ƙofar da ka ƙera zai ci karo da zagin da ka yi wa wani lokacin zaɓe. Facebook yana ajiye jerin duk abin da ka taɓa rubutawa, shiga ka duba ka share na sharewa. Kuma kada ka jingina kacokan da shafi ɗaya. An rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, masu ciniki a can suka ji a jikinsu. Lambobin abokan cinikinka su zauna a littafi, da biro.

Kada wani ya ce shi bai yi boko ba. Wanda ya iya auna ƙarfe ya yanka babu kuskure, wadda ta iya ƙirga zare ta fitar da zane a ka, rubuta suna a kan hoto ba zai gagare su ba. Sa yaron shago ko ɗanka ya nuna maka sau ɗaya, amma lambar sirri kai za ka danna da hannunka. Iyayen gida masu yaran koyo, ku haɗa musu da wannan darasi, ranar yaye kowa ya fita da sana'a da sunan da za a neme shi da shi. Ku tashi, mutanen Gammo! Aikin da ke hannunku yau, kada hotonsa ya bar wayarku sai da sunanku a jiki.