Motar da ba ta ɗaukar kaya

Motar rairayi, wadda masu ita a Amurka ke kira bagi, mota ce da aka tuɓe wa duk abin da ke sa mutum ya sayi mota. Ba ƙofa, ba gilashin gefe, ba but, ba rufin da zai tare ruwa. Kujeru biyu ne da sitiyari, sai inji a baya tsirara kowa na ganinsa, sai kejin bututun ƙarfe da ya kewaye direba don kada ta murƙushe shi idan ta kife. Ba ta kai mara lafiya asibiti, ba ta kai buhun masara kasuwa. An yi ta ne don a yi gudu inda babu hanya, ta karye, a jawo ta gida a gyara, a sake fita. Irinta nake haɗawa a bayan gidana daga gawar wata tsohuwar Volkswagen Beetle, kuma tun da na fara nake fama da tambayar da ba makanike ne zai amsa ta ba: ya halatta Musulmi mai iyali ya zuba kuɗi da lokaci a abin da shi da bakinsa ya yarda ba shi da amfani?

Ba mu muka ƙirƙiro wasan ba. Wani Ba'amurke mai suna Bruce Meyers, mai ƙera ƙananan jiragen ruwa a gaɓar tekun Kalifoniya, shi ya fito da tasa a 1964. Ya ga yadda motoci masu nauyi ke wahala a tuddan rairayi, sai ya zuba bodi mara nauyi da robar nan mai zare da yake yin jirage da ita, ya haɗa da kayan Beetle. Daga baya dabarar ta tsaya a kan a yanke shasin Beetle, a rage masa kimanin santimita 36, a sake haɗewa. A 1967 wannan mota, Meyers Manx, ta cinye tseren farko daga Tijuwana zuwa La Faz a yankin Baja na ƙasar Meziko, tafiyar sama da awa 27 cikin duwatsu da ƙura. Kafin ka ce kwabo kowa ya kwaikwayi bodin. Meyers ya kai ƙara kotu bai yi nasara ba, kamfaninsa ya rufe a 1971.

Ginin Beetle ne ya sa ta dace da wannan aiki. Injinta a baya yake, nauyinsa a kan tayoyin da ke tura motar, don haka takan kama rairayi maimakon ta tona wa kanta rami. Iska ke sanyaya injin, babu lagireto balle a ce ruwa ya tafasa ko icce ya huda. Bodin kuma da noti aka ɗaure shi a kan shasi. Ka kwance ka ɗage shi gefe, abin da ya rage yana iya tafiya. Mu kuwa gawarwakinta ba su yi mana wuya ba, tunda daga 1975 aka riƙa haɗa ta a Legas, malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati suka yi ta saye da bashin mota. Tawa a gindin wata darbejiya na same ta, kaji suna kwana a ciki, 'yan gwangwan har sun yi mata kuɗi a kilo. Abin da ya ɓace na nemo a Ƙofar Ruwa a Kano, bututun keji kuma a Panteka ta Kaduna.

Yayana, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya fara faɗa mini abin da ke ransa. Ya tarar na baje injin a kan tabarma, fistin nan, bawul can. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kai yanzu da girmanka, wannan abin me zai ɗauko maka?" Na ce, "Ba komai, Yaya." Ya ce, "To ka tanadi amsa, don ba ni ne mai tambayar ba." Ya sa takalminsa ya fita. Na gane inda ya dosa. Hadisin nan yake nufi da ya lissafa abubuwan da za a tambayi bawa ranar alƙiyama, ciki har da rayuwarsa a me ya ƙarar da ita, da dukiyarsa ina ya samo, ina ya kashe. Da kuma ayar Suratul Isra'i da ta haɗa masu almubazzaranci 'yan'uwantaka da shaiɗanu. Wannan ba maganar da mutum zai kakkaɓe riga ya wuce ba ce.

Akwai amsoshi masu arha da na ƙi bayarwa. Ina iya cewa yaran unguwa na koyon inji a wurina, ko in ce wata rana motar za ta fito da wani daga daji. Ba za a rasa ƙamshin gaskiya a ciki ba, amma ba don su na sayi gawar ba. Na saye ta don ina so. Mu Hausawa muna jin kunyar wannan jimla, shi ya sa mai kiwon tattabaru zai ce maka don nama yake yi, alhali ya shekara bai yanka ko ɗaya ba.

Na kai maganar gaban malamin da nake ɗaukar karatu a zaurensa. Na ce, "Allah gafarta Malam, mene ne hukuncin tsere?" Ya ce ai wannan a ƙarshen Risala ma akwai shi, kuma Muhtasar ya ware masa wuri bayan babin jihadi. Tseren dawaki da raƙuma da harbin kibiya halal ne, har da kyauta, in wani ne daga waje ya sa ta. Abin da Malikiyya ba su yarda da shi ba shi ne masu tseren biyu kowa ya ajiye kuɗi wanda ya ci ya kwashe, don wannan caca ce. Manzon Allah (SAW) da kansa ya shirya tseren dawaki a Madina, ya ba horarrun dawaki zango mai nisa daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba kuma ya ba su gajere. Na ji daɗi, na fara gyara zama. Sai Malam ya ce, "Amma ka lura, doki da kibiya kayan yaƙi ne a wancan zamani. Taka motar kayan mene ne?"

Nan hujjar ta tsaya, kuma daidai ne ta tsaya. Ba zan jingina motar wasa da dawakin sahabbai ba. Sai dai a cikin littattafan hadisin nan akwai wani tseren da ba shi da alaƙa da yaƙi ko kusa: wanda Annabi (SAW) ya yi da Nana A'isha a ƙafa, ta tsere masa, bayan shekaru ya rama yana dariya. Akwai kuma Hanzala, sahabin da ya zargi kansa da munafunci don yakan bar majalisin Annabi zuciyarsa cike da tsoron Allah, in ya koma cikin iyali da gona sai ta sassauta. Amsar da ya samu ita ce ɗan Adam ba mala'ika ba ne, lokaci ya kasu kashi kashi. Ashe akwai fili mai faɗi tsakanin ibada da saɓo, kuma ba a ce duk abin da ke cikinsa sai ya kawo riba ba. Fassarar da aka rawaito daga Ibnu Mas'ud ta almubazzaranci ita ce kashe dukiya inda ba hakki ba. Ma'aunin ke nan: hakki. Yawan kuɗin ko rashin ribarsa ba su ne kan gaba ba. Mai riƙe da doki shekara guda, dawa da harawa da ɗan kiwo, don ya hau shi kwana biyu ko uku na Sallah, ba mu cika kiransa mubazzari ba, don idonmu ya saba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Abin da na samu a aikin kuwa ya fi hutu. Aikina na rana na takarda ne, inda ake iya rubuta rahoto mai kyau a kan abin da ba a yi ba, kowa ya sa hannu. Ƙarfe ba ya karɓar haka. Tazarar bawul a injin Beetle milimita 0.15 ce, ana auna ta inji na sanyi. Ka matse ta fiye da haka don ganda, bawul ya ƙone, musamman na silinda ta uku da ta fi saura ɗaukar zafi a tsofaffin injuna. Baƙin mai lita biyu da rabi ne kacal, kuma babu matatar takarda sai 'yar raga, don haka a ƙurarmu dole ka yawaita juyewa. Waldar keji kuma, in ta yi kyau a ido amma wuta ba ta ci cikin ƙarfen ba, babu wanda zai sani sai ranar da motar ta kife, ranar da sanin ba zai yi amfani ba. A nan na fahimci dalilin da Suratu Saba'i, bayan ta ambaci tausasa wa Annabi Dawuda ƙarfe, ta zo da umarnin ya daidaita awon zoben sulke. Annabi ne, mu'ujiza a hannunsa, amma ba a ɗauke masa awo ba. Ban ce kankare tsatsa ibada ce ba. Na ce dai hannun da ya saba ɗaure notin da ba mai dubawa yakan ji nauyin yin algus a wani wurin.

Inda Yaya ya fi ni gaskiya shi ne ranar fita. Gini ba ya cutar da kowa, in dai ba kuɗin cefane ko na makarantar yara ya ci ba, in kuma kiran sallah bai same ni a ƙarƙashin mota na ce bari in ƙarasa ba. Gudu kuwa yana taɓa hakkin waɗanda ba a shawarta ba. Mutanen Agadas sun san wannan fiye da ni. Thierry Sabine, Bafaranshen da ya ɓace a hamadar Tenere a 1977, shi ya dawo ya kafa tseren Faris zuwa Dakar da aka fara a ƙarshen 1978, kuma shekaru da yawa ayarin na ratsa Nijar. Jean-Louis Schlesser ya ci tseren a 1999 da 2000 da bagin da ya gina da kansa, abin da duk mai irin sha'awata zai sara wa. Amma Sabine ya mutu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali a 1986, kuma a tsawon shekarun tseren an take mutanen ƙauyuka, har da yara, waɗanda ba su sa hannu a takardar kowa ba. Direba ya zaɓi haɗarinsa, duk da shi ma ransa amana ce ba mallakinsa ba. Yaron da ya fito kallo bai zaɓi komai ba. Ba sai mun je Sahara ba: samarin da ke juya motoci a kan titi ranar ɗaurin aure, taya na hayaƙi, mutane cike a gefe, ba na ganin wata fatawa da za ta wanke su.

Saboda haka motata ba ta hawa kwalta, ba ta shiga gari. Akwai wani fako mai rairayi a arewa da garinmu, nesa da burtali. Sai an kwashe amfanin gona nake zuwa, da izinin mai unguwar wurin, da hular kwano, da bel mai ɗaure kafaɗu biyu. Nakan rage iskar taya don ta baje a kan yashi. Yaron da ke taya ni aiki ya matsa in ba shi sitiyari, na ce sai mahaifinsa ya zo ya ce mini ya yarda da bakinsa.

Malam ya tuna mini da Adba'u, taguwar Annabi (SAW) da ba a taɓa tsere mata ba, har wani baƙauye ya zo da ɗan raƙuminsa ya wuce ta. Abin ya yi wa sahabbai ciwo, shi kuwa Annabi ya nuna musu haka duniya take, abin da ya ɗaukaka sai ya sauko. Fitata ta bayan nan, ina cikin yashi mai laushi a giya ta biyu, inji na kuka, ina jin kaina kamar a Baja, sai ga wani yaro a kan babur Boxer, jarkokin ruwa huɗu ɗaure a baya. Ya bi ta gefen da ƙasa ke da tauri, wanda shi ya sani ni ban sani ba, ya wuce ni, ya ɗaga hannu ya ce, "Sannu da aiki, Baba!"