Hadda bashi ce

Ƴan'uwa ɗalibai, da zarar zafin Afrilu ya kama, kowa ya san ƴan tarminal sun shiga wani hali. Daga Maraɗi har Damagaram, daga Tawa har Yamai, za ka gan su gungu-gungu bayan isha'i, wasu a ajin lakkwal gaban tabulo, wasu a ƙofar gida ƙarƙashin fitilar titi, ana dafa shayi ana bugun lissafi. Ƴan C da D sun fi kowa shan wuya, don lissafi ne ke ɗaga su ko ya kayar da su a bak. Limit, deribe, firimitib, antegiral: an cika kaye da formil, ana bitar tsoffin jarrabawowi har a haddace su.

Ga tambayar da nake so mu tauna tare. Wanda ya rubuta amsa daidai alhali bai san ma'anarta ba, aka ba shi makinsa, gaskiya ya yi ko ƙarya? Bai leƙa takardar kowa ba, bai shiga da waya ba, babu mai tsaron aji da zai kama shi. Amma takardar da za a miƙa masa shaida ce cewa ya san abin, shi kuwa ya san abin da ke cikinsa.

Mu ɗauki formil ɗin da kowa ya haddace: deribe ɗin x² shi ne 2x. Ka ce wa ɗan tarminal ya faɗa maka dalili da Hausa, galibi sai ya yi dariya ya ce ai wannan ba ya fassaruwa. Yana fassaruwa mana. Ka ɗauki fili mai mita 10 tsawo, 10 faɗi, girmansa 100 ke nan. Ka ƙara mita 1 a gabas, 1 a arewa, ya koma 121. Ƙarin 21 ɗin nan daga ina ya fito? Zirin gabas 10, zirin arewa 10, sai ɗan lungun da suka haɗu, 1. Yanzu ka rage ƙarin, ya zama taƙi, ya zama ɗan yatsa. Zirin nan biyu suna raguwa daidai da ƙarin, lungun kuwa yana ƙanƙancewa da gaggawa har ya zama ba a bakin komai ba. Abin da ya saura ziri biyu ne, kowanne tsawonsa x. Ga 2x ɗinka. Manomin da bai taɓa shiga lakkwal ba zai gane wannan in an zana masa a ƙasa.

To, sai mu ɗora wa mai hadda laifi? A yi hattara. Yaron nan da Faransanci aka koya masa komai, harshen da ba ya ji a gida, cikin aji mai cunkoso, ga mushe na gudun kada shekara ta ƙare bai gama manhaja ba. Wataƙila an sayar da hatsi ko akuya don ya zauna birni ya yi karatu. Idan bai kai 10 bisa 20 ba, shekara ta tafi. Rana ba ta ƙarya, kuma ranar bak ba ta jiran wanda ke neman dalili. Abdou Moumouni, ɗan Tasawa, masanin kimiyyar da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, tun 1964 ya yi littafi kan ilimi a Afirka, inda ya nuna muhimmancin a koyar da yara da harsunansu. Har yau muna nan muna wannan magana.

Tarihin shi kansa lissafin ma yana sassauta wa mai hadda. Niwton da Laibniz ne suka ƙago shi a ƙarni na 17, Laibniz ya buga nasa a 1684. Aka yi ta aiki da shi ana auna tafiyar taurari, amsoshi na fitowa daidai. Sai a 1734 wani limamin Kirista ɗan Ailan, Barkli, ya tsare masana da tambaya a kan wannan ɗan ƙarin da muka yi a fili: sifiri ne ko ba sifiri ba? In sifiri ne, don me kuka raba da shi? In ba sifiri ba ne, don me kuka jefar da shi a ƙarshe? Ba su da gamsasshiyar amsa. Sai a 1821 Koshi, Bafaranshe, ya kafa abin a kan ma'anar limit, wasu suka ƙarasa bayansa. Ka ga ke nan manya sun yi fiye da shekara 130 suna amfani da abin da ba su gama fahimta ba.

Sai dai ba su ce shi ke nan ba. Sun san akwai rami, suka yi ta komawa har suka cike shi. Mu ma mun san wannan tsari a gida. Yaro na haddace allo tun bai san ma'ana ba, kuma ba mai cewa ya yi ƙarya, don an san zai zauna gaban malami daga baya a fassara masa. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ya hau buzu ya ce zai yi tafsiri da hadda kaɗai.

Shi ya sa nake ganin hadda bashi ce. Ka ci amsar yau, ma'anar na binka. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, cinsa ba abin kunya ba ne ga wanda ya matsu. Ƙarya na farawa ne ranar da ka musanta cewa ana binka. Kuma ba kai kaɗai za ka ji a jika ba. Cikin ƴan C da D na bana akwai waɗanda za su auna magani, da masu lissafin ƙarfen gada, da masu riƙe alli gobe. Malamin da bai biya nasa bashin ba, ɗalibansa yake bar wa gadonsa, kuma in yaro ya tambaye shi dalili sai ya rufe shi da tsawa.

Ƙannenmu ƴan tarminal, ku haddace abin da lokaci ya tilasta muku. Amma ku ware shafi ɗaya a bayan kaye, ku riƙa rubuta duk formil ɗin da kuka iya bugawa ba ku iya bayyanawa ba. A gungunku na dare, kowa ya ɗauki ɗaya ya gwada faɗinsa da Hausa, ba kalmar aji ko guda. Inda harshe ya sarƙe, nan ne ba a gane ba. Mu kuma da muka riga muka haye, mu duba namu shafin kafin mu ce za mu koya wa wani.

Allah ya ba da sa'a, ya sa a ji alheri ranar kiran sunaye.