Ƙasar da Muke Yankawa

Ɗan'uwa, idan hanya ta bi da kai Challawa a Kano, rage gudu ka dubi kamfanonin da aka garƙame. Ƙofar ƙarfe ta yi tsatsa, ciyawa ta cinye inda manyan motoci ke layin lodi, maigadi shi kaɗai yana gyangyaɗi a gindin darbejiya. Waɗansu daga cikin masu su sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙan su. Haka abin yake a Sharaɗa da Bompai.

To, waiwayi badala, wato ganuwar Kano. Sarki Gijimasu ne ya fara ta a ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15. Talakawan da suka kwaɓa ƙasar, suka mulmula tubali, suka ɗauka a ka, babu wanda ya san sunansu, balle kabarinsu. Amma aikinsu ya tsaya shekara ɗaruruwa. Abin da damina da mahara suka bari, mu ne muke ƙarasa shi da katafila da takardar fili. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka maye gurbinta da ta siminti, alhali tun 2007 ganuwar Kano ke cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO.

Challawa ma tana da nata gadon. A farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, daga kogin Challawa aka fara jawo wa birni ruwan famfo. Tsohon gidan ruwan da aka gina don haka tarihi ne, ya cancanci a sa shi cikin lissafi kafin a ja layi a taswira.

Ya kai mai sa hannu a ofishin tsara birane, da kai dillali, da kai mai neman fuloti a bakin ganuwa: kujera aro ce, rai ma aro ne. Kafin a tona harsashi, a tambayi me ke ƙarƙashin ƙasar, a kira ma'aikatan adana kayan tarihi su duba. Shago ana rushe shi a sake ginawa, abin da ya shekara ɗari takwas kuwa in ya faɗi ya tafi ke nan.

Duk yawan filayenka, wanda za a auna maka a ƙarshe bai wuce tsawonka ba, kuma da irin tubalin ƙasar nan za a rufe ka. Allah Ya sa mu cika da imani.