Shin Zane Yana Ƙarya?

Mun saba cewa gani ya kori ji. Amma a shekarar 1965 an yi wani baje kolin zane-zane a birnin Niyok na Amurka wanda ya girgiza wannan magana. Cikin abubuwan da aka nuna har da zanen Bridget Riley, 'yar Ingila, mai suna Current. Babu mutum a cikinsa, babu itace, sai baƙaƙen layuka masu lanƙwasa a kan fari, wani na bin wani. Wanda ya ƙura masa ido sai ya ga yana kaɗawa kamar ruwa, har jiri ya ɗebe shi, alhali allon ko gezau bai yi ba.

To, wa ya yi ƙarya? Maƙaryaci ɓoye dabararsa yake yi, ita kuwa Riley ba ta ɓoye komai ba, kowane layi ana iya auna shi. Motsin daga idonmu ya fito. Abin da ya fi damun mu shi ne, ko bayan mun san haka, layukan ba su daina rawa. Da wannan idon ne kuma muke tsayawa gaban alƙali, mu rantse mun gani, a ɗaure mutum.